Sun Rufe Ƙofar, Malam

Shekara tara ke nan da muka raka mijina, Malam Istifanus, makwancinsa. Sunana Rifkatu. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. 'Yarmu Ladi ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, inda kuka ya ci ƙarfina ta jira ni in gama. An ce mini masu karanta jarida ba su da lokacin hawayen tsohuwa. To, mai sauri ya wuce abinsa. Ni dai yau maganar mijina zan yi, domin bana ce shekarar farko da nake da labarin da zan kai masa, kuma labarin ya zo mini da wata tambaya da ta hana ni sukuni.

Da na aure shi, malamin firamare ne a ƙauyenmu, ɗan mai wa'azi, mai keke ɗaya da wando biyu. Karatu ya yi ta jan sa har ya kawo mu Samaru, ya zama malamin kwamfuta a jami'a tun lokacin da na'urar kan cika ɗaki guda. Ni kuwa wake da gyaɗa na sayar a kasuwa har ƙafafuna suka gaji. Daga baya muka yi gini a Palladan, a nan nake har yau. Ya yi ƙoƙarin koya mini karatu, kaina ya ƙi ɗauka. Harafin farko na sunansa kaɗai na riƙe, shi ma don yana tsaye ne kamar taɓarya. Bai taɓa yi mini gori ba. Abin da ya kan yi ma shi ne, in aiki ya cushe masa, sai ya jawo kujera kusa da tabarmata ina tsintar wake, ya ce, "Maman Ladi, ki ba ni aron kunnenki. In na kasa bayyana miki abu, to ni ma ban gane shi ba."

Ta haka na san ɗan abin da na sani. Ya ce kwamfuta ba ta jin maganar mutum, sai an sa tafinta a tsakani. Su a wurin aiki kamfaila suke ce masa. Mutum zai rubuta abin da yake so, tafintan ya juya shi zuwa harshen na'ura. Kuma ba tafinta ba ne kawai, mai gadi ne. Abin da suke rubutawa kamar gida yake: akwai zaure inda kowa ke iya tsayawa, akwai ɗakuna, wani ɗakin ma a cikin wani yake, kamar ƙuryar da mace ke ajiye kayanta. In mai gida ya rubuta cewa ƙuryar nan ba a shiga, to duk baƙon da ya miƙa hannu ciki, mai gadin zai tsayar da aikin gaba ɗaya, ya ce ba zai fassara ba sai an janye hannun. Na ce masa ai wannan ba sabon abu ba ne, haka gidan ubana yake. Ya yi dariya ya ce shi ya sa ya aure ni.

Wata ranar Asabar da hantsi, wata ɗaliba ta yi sallama a ƙofarmu. Sunanta Bilkisu, 'yar cikin birnin Zariya, siririya, idonta ja wur don ɓacin rai. Ta ƙi shigowa, ta tsaya a bakin ƙofa da takarda a hannu. Ta gaishe ni, ta ce, "Mama, Malam ya yanke mini maki, alhali kwamfuta ta karɓi aikina."

Ya fito da singileti, da tabarau a goshi. Ya ce, "Ke, kwamfuta ce ke koyar da ke ko ni? Kin zura hannu a ƙuryar da aka ce ba a shiga. Da idona na gani."

Ta ce, "Kai ne ke koyar da ni, Malam. Kai ne kuma ka ce mana in muka yi haka mai gadin zai kama mu. To, bai kama ni ba."

Ban taɓa ganin yaro ya rufe wa mijina baki ba sai ranar. Ya karɓi takardar, ya shiga, ya kunna na'urarsa. Tuwon rana ya huce bai fito ba. Ni na shigo da yarinyar, na ba ta kunun zaƙi, muka zauna muna jiransa kamar masu jiran haihuwa. Da ya fito sai ya ce gaskiyarta. Ya ce in an gina gidan shi kaɗai, mai gadin na tsayawa a ƙofar ƙurya yadda ya kamata. Amma akwai wata hanya da suke bi, su yi zane ɗaya a riƙa fitar da gidaje da yawa daga gare shi, kamar gidajen hayar ɗalibai da ake jerawa a Samaru, duk kama ɗaya. To in gidan daga irin wannan zane ya fito, kuma ƙuryar tana cikin wani ɗakin, sai mai gadin ya manta ya tambayi kowa. Kowa ya zo wucewa yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya mayar wa Bilkisu rabin makin, ya ce rabin laifin nata ne, rabi na mai gadi. Har gobe tana cewa bai yi mata adalci ba. Kafin ta tafi ya kira Ladi da ƙannenta, ya ce a gabansu, "Daga yau Bilkisu 'yar gida ce. In ta zo kada a bar ta a bakin ƙofa, ta shiga har ɗakin mamanku."

Na zaci magana ta ƙare ke nan. Ashe farawa ta yi. Ya ce dole ya sanar da masu ƙera tafintan, mutanen da ke warwatse a ƙasashe, bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Na ce to ya aika musu aikin yarinyar mana. Ya ce a'a, ba a kai wa likita unguwa guda, mara lafiyan ake kai masa. A sana'arsu, in za ka kai ƙarar irin wannan aibi, sai ka rage rubutun, ka yi ta cirewa har ya zama babu abin da ya saura sai wanda ke nuna ciwon. Haka ya yi ta yi duk yamma in ya dawo, in akwai wuta. Ya cire layi ya gwada. In tsagar tana nan, layin ya tafi ke nan. In ta ɓace, ya mayar da shi ya cire wani. Ina gefe ina sheƙe wake, iska na kwashe ƙaiƙayi, shi ma yana sheƙe nasa. Ranar da ya gama ya kira ni in gani. Abin da ya fara da shi ya kai shafuka, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Ya yi ta kallonsa kamar jariri. Na ce duk wannan wahala a kan ɗan wannan? Ya ce, "Ai ɗan wannan shi ne wahalar."

Suka amsa masa da ladabi. Suka ce sun gani, gaskiya ne, wasu ma sun taɓa kawo makamancinsa, amma gyaran na da wuya domin ya taɓa tushen ginin. Aka rubuta aka ajiye. Abokan aikinsa suka riƙa tsokanarsa, wai mutumin da ko wutar lantarki ba ta ishe shi ba yana so ya gyara wa Turawa kayansu. Shi kuwa ya kan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk lokacin da sabon tafinta ya fito, zai sauko da shi ko da zai kwana biyu yana fama da intanet, ya ba shi ɗan rubutun nan. In tafintan ya karɓa shiru, ƙofar tana buɗe ke nan. Sai ya cire tabarau ya ce, "Ba su rufe ba tukuna," ya nemi abincinsa. Ban taɓa jin ya zage su ba. Ya ce su ma mutane ne masu iyali, yawancinsu ma ba biyan su ake yi ba.

Ya yi ritaya ƙofar na buɗe. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi tana buɗe. Lokacin Bilkisu ta zama malama a sashen da ya bari, ita ce ke zuwa ta duba masa. Harshensa ya yi nauyi, amma in ta shigo ta gama gaisuwa zai ɗaga hannun da ke motsi ya ce, "Sun rufe?" Ta ce, "Saura kaɗan, Malam." Ya ce, "Ƙarya kike, 'yar Zage-zagi," su yi dariya. Ranar da ya cika, ruwan farko na shekara ya sauka, ƙasa tana ƙamshi. Ina riƙe da hannunsa. Ladi, dakata.

To. Bayan an share makoki, na ga kowa ya ɗauki wani abu nasa. Yara sun raba littattafai, ƙaninsa ya ɗauki kwat, coci ta ba wani dattijo gurbinsa na can. Ni sai na ɗauki tambayar. Bilkisu ba ta yanke zumunci ba. Da Babbar Sallah ta kan kawo mini nama, da Kirsimeti in aika mata shinkafa da cincin, kuma duk zagayowar ranar rasuwarsa ta kan zo mu zauna. Da mun gaisa sai in ce, "Sun rufe?" Ta ce, "Ba su rufe ba, Mama." Ba zan ɓoye muku ba, amsar nan ba ta taɓa ɓata mini rai ba. Muddin ba su rufe ba, ina da saƙon da nake riƙe masa, kamar matar da mijinta ya yi tafiya ya ce ta kula masa da wani abu kafin ya dawo.

Ina yawan tunanin abin da zai ce in ya ga Samaru yanzu. Filin da muke yanke hanya zuwa kasuwa ya zama benaye na haya, kowanne da katanga da waya mai ƙaya a kai. Keke Napep sun cika titi, tsohuwa ba ta tsallakawa sai an riƙe mata hannu. Ɗaliban da ke haya a ɗakunanmu na baya suna gaishe ni da rabin Hausa rabin Turanci, ido a kan waya. Ladi ta ce yanzu ba sa ma rubuta aikin da kansu, wata na'ura suke tambaya ta rubuto musu. Na san ba zai yi faɗa ba. Zai jawo kujera ne ya ce, "Madalla. To ka karanta abin da ta ba ka? Zo ka bayyana wa Maman Ladi." Kuma na san da zai tsaya a ƙofar benayen nan ya kalli masu gadinsu, waɗanda ke tsare mai tallan ruwa da tambayoyi amma duk wanda ya rataya jaka a baya su ɗaga masa hannu ya wuce, da ya kalle ni ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ba sai ya ce komai ba.

Abu ɗaya ne nasa ya rage yana aiki yadda ya bar shi. Tun kafin zuwan Bilkisu gidanmu, ya rubuta wa sashensu wani shirin kwamfuta mai tsara jadawalin jarrabawa, yana raba ɗalibai a ɗakuna yadda ba wanda za a ba jarrabawa biyu a lokaci ɗaya. An cire sunansa daga ƙofar ofis, an sare mangwaron da yake ajiye mota a ƙarƙashinsa, amma shirin nan ba wanda ya taɓa shi. Duk lokacin jarrabawa, in na ga yaran gidanmu suna fita da sassafe kowa ya san inda zai nufa, sai in ce a raina, Malam ne ya zaunar da ku. Da wannan nake yin watanni.

Bana Bilkisu ta zo kafin ranar ta zagayo, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Yanzu Dakta ake ce mata, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Na yi tambayata yadda na saba. Sai ta ce, "Sun rufe, Mama."

Ta ce ashe an ɗan jima da gyarawa, su ne ba su sani ba, domin ta gaji da dubawa, tsofaffin na'urorin sashen kuma tsohon tafinta ke kansu. Sai da aka kawo sababbi ta gani. Ta ce ɗan rubutun nan na Malam, wanda bai cika tafin hannu ba, sun sa shi cikin abubuwan da suke gwada kowane sabon tafinta da su kafin su sake shi, don kada ƙofar ta sake buɗewa ba a sani ba. Na yi kuka, ita ma ta yi. Mai haƙuri ya dafa dutse, sai dai ba shi ya sha romon ba.

Sannan ta share ido ta ce akwai saura. Sabon mai gadin ya ƙi karɓar shirin jadawalin Malam. Ya tsaya a wuri ɗaya ya ce akwai hannu a ƙuryar da ba a shiga. Ashe Malam ma, tun shekarun da bai san da tsagar ba, ya taɓa bi ta cikinta bai lura ba, tsohon mai gadin kuma bai taɓa faɗa masa ba. Ɓangaren da ke raba ɗakunan jarrabawa yana leƙa ƙuryar da aka ajiye darussan kowane ɗalibi, ba tare da an ba shi izini ba. Cikin hawayen sai dariya ta ƙwace mini. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙofar da ya yi shekaru yana roƙo a rufe, da aka tashi rufewa da shi aka rufe a ciki.

Ta ce tsohuwar na'urar da shirin ke kai ta kusa mutuwa, jarrabawa kuma ta ƙarato. Ko dai a taɓa rubutunsa, ko a jefar da shi a sayi wani. Na ce to me ya kawo ki wurina, ni da ban san alif ba? Ta ce, "A ofis ba wanda zai hana ni. Amma gidan Malam ne. Ba zan shiga ba sallama ba, kuma ke kaɗai kika rage da za ki amsa."

Na ce ta ba ni lokaci. Ta tafi, na zauna da abin. Zuciyata ta ce kada a taɓa. Komai nasa an taɓa, an matsar, an raba. Wannan kaɗai ne har yanzu yake da sawun hannunsa, ko da kuskuren ne, kuskurensa ne. In Bilkisu ta sa hannu yau, gobe wani zai sa, jibi ba za a san inda nasa ya tsaya ba. Sai na ji kamar za a sake fitar da shi daga gidan nan a karo na biyu. Na je coci ranar Lahadi ban ji wa'azin ba. Na dawo na zauna inda ya kan jawo kujerarsa, na yi abin da na ga yana yi. Na riƙa cirewa. Na cire ofis da mangwaro a raina, mijina yana nan. Na cire kwat da littattafai, yana nan. Na cire shirin jadawalin, ina jin tsoro, sai na ga har yanzu yana nan. Amma da na gwada cire mutumin da yarinya ta faɗa masa gaskiya a bakin ƙofa ya bar tuwonsa ya huce don ya duba, sai na neme shi na rasa. Wannan mutumin ba zai yarda a bar hannunsa a ƙuryar wani don a tuna da shi ba.

Na aika aka kira ta. Ta buɗe kwamfutar a kan tabarmata, ta ce hanya biyu ce. Ko a goge rubutun da ya ce ba a shiga, ƙuryar ta zama ta kowa, wannan ya fi sauƙi. Ko kuwa a bar shi, a rubuta a cikin ƙuryar cewa wane aminin gida ne, shi kaɗai an yarda ya shiga. Ta ce a ƙa'idar harshen, baƙo ba ya naɗa kansa amini, daga cikin gida ake ambaton sunansa. Na ce ai na sani, a gabana aka yi miki. Kada ki rushe masa bango. Ki rubuta aminin.

Layi ɗaya ta ƙara. Sannan ta ce akwai irin rubutun da na'ura ba ta karantawa, don mutanen da za su zo daga baya ake barin sa, me zan so a sa? Na ce ta rubuta cewa an shiga da izinin matar gidan. Ta rubuta, ta nuna mini sunana a ƙarƙashin nasa. Nawa ban gane shi ba, amma na ga taɓaryar nan a tsaye a sama. Ta kama yatsana ta ɗora a kan wani maɓalli ta ce in danna. Na danna. Muka jira. Ba abin da ya fito. Na ce ya lalace ne? Ta ce, "A'a, Mama. In ya yi shiru, ya yarda ke nan."

Yaran gidanmu sun yi jarrabawarsu, kowa ya sami kujerarsa, ba wanda ya san abin da ya faru. Haka ya kamata. Mijina bai bar benaye ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Ya bar ɗan rubutu da bai cika tafin hannu ba, wanda mutanen da ba su san Palladan ba suke tsayar da shi a bakin wata ƙofa yana gadi. Ya bar mace a ofis da ba ta shiga gidan mamaci sai ta yi sallama. Ni kuma ya bar mini kujera da ba na bari a matsar.

Abin da ban sani ba shi ne me zan tambayi Bilkisu baɗi. Na faɗa mata haka, ta ce za ta zo ko ba tambaya, ai har yanzu ba a biya ta rabin makinta ba. Amma hannuna ya zama wofi, ba zan ce bai zama ba. Shekara tara ina riƙe da saƙo, yanzu sai isarwa.

Gobe Ladi za ta sa ni a Keke Napep mu je maƙabarta. Zan cire ciyawar da ta fito, in zauna a gefen kansa yadda ya kan zauna a gefen tabarmata. Zan ce, sun rufe, Malam. Kai ma an kama ka a ciki, ni na fito da kai. In ka yi shiru, na san ka yarda.